Sallar da Na Yi a Saman Farin Beyar

Lokacin da Madam Karol ta kira ni ofishinta, na riga na yanke shawarar komawa gida, sai dai ban faɗa wa kowa ba. A ƙarshen shekarun 1980 ne, ina birnin Winifeg na ƙasar Kanada, inda aka turo ni daga makarantar da nake koyarwa a Tudun Wada in yi kwas na shekara guda a kan koyar da kimiyya. Karatun bai gagare ni ba. Abin da ya gagare ni shi ne zaman garin da za ka gai da maƙwabcinka ya ɗaga maka gira ya wuce. Ni da na saba daga ƙofar gida zuwa makaranta sai na tsaya wurin mai shayi, na tsaya wurin mai faci, na durƙusa wa dattawan gindin darbejiya, sai ga ni ina wuni ban buɗe baki ba in ba a aji ba. A ajin ma in na yi magana sai a ce in maimaita. Rana tana fitowa tas kamar ta gida, amma ko ka tsaya a cikinta ba ka jin ɗuminta.

Madam Karol ita ce mai kula da mu ɗalibai baƙi, doguwar mace mai furfura, mai saurin tafiya da saurin magana. Ta ce duk shekara jami'a tana tura baƙo ɗaya zuwa makarantun ƙauyukan arewa mai nisa, ya ba yara labarin ƙasarsu, ya kuma taya malamai darasin kimiyya. Bana ni ta zaɓa, kuma tare za mu tafi. Garin da za mu je yana bakin teku, daidai inda layin dogo ya ƙare. Ta ƙara da cewa lokacin ne fararen beyar suke taruwa a gaɓa suna jiran teku ta daskare su shiga farauta, kuma makarantar takan kai 'yan babban aji su gan su. Ni dai beyar a hoton littafi kawai na san shi, domin ba dabbar ƙasarmu ba ce. Na ce a raina bari in je in gani, in na koma gida ba a gama kwas ba aƙalla ina da labarin bayarwa.

Ta ce in nemi takalmin sanyi mai kyau. Na shiga wani shagon gwanjo, mai shagon ya ɗauko mini wasu manyan takalma masu sheƙi, ya rantse mini da su ake zuwa ƙarshen duniya. Ya yi ta fara'a yana dafa kafaɗata. Shi ne mutum na farko a garin da ya tsaya ya yi hira da ni, don haka ban ko juya takalmin na duba ƙasansa ba.

Kwana biyu muka yi a jirgin ƙasa. Da farko gonaki ne shimfiɗe iya ganinka, an girbe alkama, sai ciyawar da aka naɗe. Daga nan muka shiga dajin dogayen bishiyoyi masu tsini, ba gari ba mutum. Da muka ƙara gaba sai bishiyoyin suka fara gajarta, suna ramewa, har suka koma tsawon dawa, rassansu duk a gefe ɗaya saboda iska ta cinye ɗaya gefen. Jirgin ya rage gudu, yana rangaji kamar tsohon jaki, wai ƙasar da aka shimfiɗa dogon a kanta ƙanƙara ce a ciki, takan motsa. Wani lokaci sai ya tsaya a tsakiyar daji, mutum ɗaya ya sauka da buhunsa ya shige cikin itatuwa. Na tambayi Madam Karol ina za shi, ta ce gida.

A kujerar da ke fuskantarmu akwai wata tsohuwa da jikokinta. Ba ta ce mini komai ba tun da muka taso, amma da ta kwance ƙullin abincinta sai ta gutsuro wani burodi da suke soyawa, mai kama da fanke, ta miƙo mini ba tare da ta dube ni ba. Na karɓa da hannu biyu. Tun da na zo ƙasar ban ga wanda ya ci abinci a gaban baƙo ya tuna da shi ba sai ita.

Muka isa da hantsi. Ina sauka iska ta mare ni, hawaye suka zubo suka daskare a gashin idona. Garin ƙarami ne, bai kai garin Ƙofa na wajenmu ba, gidajen katako a jere, bayansu kuma fili fetal fari har inda ido ya tsaya. Abu na farko da aka faɗa mana shi ne kada mu yi yawo mu kaɗai ta bakin duwatsun gaɓa. Na biyu kuma, in ka ga beyar a kan hanya, ka faɗa gidan da ya fi kusa ko motar da ta fi kusa, domin a garin ba a kulle ƙofa saboda haka. Wannan ya burge ni. Na ce ashe su ma suna da zaure irin nasu.

Kafin mu kai makaranta takalmin dama ya buɗe baki. Sanyi ya busar da robar ta tsage tun daga yatsu har dunduniya, ƙanƙara ta cika ciki. Na shiga harabar makaranta ina ɗingishi, ba na jin yatsuna. A nan na fara haɗuwa da Alek, dattijo ne gajere kakkaura, shi ke tuƙa motar makaranta, shi ke kula da murhun da ke ɗumama azuzuwa. Ya dubi ƙafata, ya dubi fuskata, ya fita. Jim kaɗan ya dawo da wasu takalma na fata masu gashi a ciki, waɗanda matarsa ta ɗinka masa, ya ajiye a gabana. Da na fara godiya irin tamu mai tsawo sai ya ɗaga hannu ya ce in sa kawai kafin yatsun su mutu.

Na tambaye shi ko shi wane iri ne, ya ce mutanensa ana kiran su Kiri. Na ce mu ma muna da gari mai suna Kiru, kakata ta wajen uwa ma 'yar can ce. Ya ce to ashe ɗan'uwa ne ya zo. Daga ranar na koma kiran sa Baba Alek. Na bayyana masa cewa a wurinmu ba a kiran sa'an mahaifi da gatsal ɗin sunansa, ya ce sunan ya yi masa.

Darasina na farko bai yi daɗi ba. Na rataye taswira, na nuna Nijeriya, na lissafa gyaɗa da auduga da man fetur, na yi bayanin damina da rani. Yaran, waɗanda ba su wuce shekara goma sha biyu zuwa sha uku ba, suka sunkuyar da kai suna kallon tebur. Na tambaya ko akwai mai tambaya, shiru. Na fito jikina a sanyaye, na ce wa Madam Karol ko nan ma ba a gane Turancina. Baba Alek yana gefe yana gyaran bututu, ya ce sun ji ni sarai, yaran nan ba sa kallon babba a ido, haka aka tarbiyyantar da su. Sai na tuna yaran rugagen Fulani da na koyar a wajen Ba'awa, waɗanda za su yi wata guda ba su ɗago kai ba, alhali ba abin da ya wuce su. Kunya ce irin wadda na sani, amma da na gan ta a fuskar da ban saba ba sai na kasa gane ta.

Washegari na bar jerin amfanin gona. Na zauna a kan tebur na ce su tambaye ni duk abin da suke so. Aka ɗan jima, sai wata yarinya mai suna Meri ta ce, idonta a kan taswira, in nuna musu inda gidanmu yake.

Na ce mata, "Gidan da aka haife ni yana ƙarƙashin ruwa."

Kawuna suka ɗago. Na ba su labarin yadda aka datse kogi aka yi madatsar Tiga ina saurayi, aka tashe mu daga ƙauyenmu aka kai mu sabon wuri. Na faɗa musu yadda ruwa ya riƙa tahowa a hankali, ya ci fadama, ya ci gonar mahaifina, ya ci masallaci. Na ce mahaifina, wanda bai taɓa riƙe filafili ba, dole ya koyi kamun kifi, yau kuma a saman tsohuwar gonarsa yake jefa taru, har yakan ce gonar ba ta daina ciyar da shi ba, amfanin ne ya sauya. In rani ya yi tsanani ruwa ya ja baya, kan tsohuwar kukar ƙofar gidanmu yakan leƙo, mukan je da kwalekwale mu ɗaure a jikinta mu ci guzuri.

Tambayoyi suka ɓarke. Wane irin kifi ne? Da me muke kamawa? Kaburbura fa? Akwai kada? Har aka kaɗa ƙararrawa ba su tashi ba. Baba Alek yana tsaye a bakin ƙofa tun tuni. Da yaran suka fita sai ya ce shi ma haka aka yi musu, an datse kogi don wutar lantarki, ruwa ya haɗiye bukkar mahaifinsa da wurin da suke shanya kifi, shi ya sa ya dawo nan. Ya ce yawancin yaran nan kakanninsu daga wani wuri aka kwaso su. Muka tsaya muna duban juna, ni daga ƙasar da rana ke ƙona ƙafa, shi daga ƙasar da sanyi ke yanke yatsa, ga shi labarinmu ɗaya.

Ranar zuwa kallon beyar gari ya waye garau. Motar da za ta kai mu ban taɓa ganin irinta ba: kamar an ɗauki bas an ɗora a kan tayoyin da suka fi ni tsayi, sai da tsani ake hawa. A ciki akwai kujeru da ɗan murhu, a baya kuma akwai wani dandamali a buɗe mai shinge, wanda ƙasansa ragar ƙarfe ce mai kauri. Baba Alek ne direba, bindigarsa a rataye a bayan kujerarsa. Kafin mu tashi ya kafa doka: ba mai sauka ƙasa ko me ya faru, ba mai fitar da hannu ta taga, ba mai ihu.

Muka shiga filin da suke kira tundura. Ba bishiya ko ɗaya, sai guntayen sabara irin tasu, da duwatsu, da tafkunan da suka daskare suna ƙyalli. Motar tana tafiya kamar hawainiya, tana faɗawa rami tana fita. Ni ban ga komai ba sai fari. Can sai Meri ta taɓa hannun rigata ta nuna wani tudun ƙanƙara. Ina kallo tudun ya ɗaga kai ya yi hamma.

Ba fari ne tas ba kamar yadda na zata, ya fi kama da man shanu sabon kaɗi. Girmansa ya kai na bijimin da aka yi wa kiwon sallah, tafin ƙafarsa kamar faifai, hanci da idanu baƙi ƙirin. Ya miƙe ya yi miƙa, ya kwanta a kan cikinsa ya tura kansa a kan ƙanƙara da ƙafafun baya, kamar yaron da ba ya son tashi zuwa makaranta. Yaran suka toshe baki suna dariya, ni ma haka.

Gaba kaɗan muka tarar da matasa biyu suna kokawa. Suka miƙe a kan ƙafa biyu, suka rungumi juna, wannan ya tura wancan ya tura, ɗaya ya faɗi ya tashi ya karkaɗe jiki ya dawo. Wallahi ba su da maraba da 'yan kokawar kaka a dandalin garinmu, kalangu kawai ya rage. Ban san lokacin da na fara yi wa ƙaramin kirari a hankali da Hausa ba. Yaran suka ce in fassara, na ce ba ya fassaruwa, sai suka riƙa kwaikwayo na. Daga baya muka ga uwa da 'ya'yanta biyu suna bin ta a baya, duk inda ta ɗaga ƙafa nan suke sa tasu. In ta tsaya ta shinshina iska su ma sai su tsaya su ɗaga ɗan hancinsu. Na daɗe ban ji farin ciki irin na wannan safiyar ba.

A can rana ba ta hawa tsaka, gefen sama kawai take bi ta faɗi da wuri. Da na ga ta karkata na san azahar ta yi, in na jira mu koma gari kuma har la'asar za ta wuce. Na yi alwala da ruwan ɗumi a ɗan banɗakin motar, amma ciki ba wurin da mutum zai yi sujada. Na faɗa wa Baba Alek. Ya tsayar da mota, ya ɗauki madubin hangen nesa ya duba gabas da yamma, ya ce ba kowa kusa, in fita dandamalin baya, ƙarfen yana da ƙarfi kuma ya yi wa beyar tsayi. Ya tambaye ni ina zan fuskanta, na nuna masa, ya ɗan juya motar don iska ta bugi bayana.

Na cire mayafin wuyana na ninka na shimfiɗa inda goshina zai sauka. Raka'a biyu ce ta matafiyi. Na tayar da kabbara, na yi ta farko lafiya, ba abin da nake ji sai kukan iska. Na miƙe ta biyu, ina cikin Fatiha, sai na ji motar ta ɗan girgiza kamar an jingina mata buhu. Na yi zaton yaran ne suke motsi a ciki. Ban gama Fatihar ba, idona a ƙasa, sai na ga ƙanƙarar da ke ƙarƙashin ragar ta rikiɗe ta zama gashi.

Ashe yana kwance a bayan wani dutse tun da muka tsaya. Ya taho ba ƙarar taku, ya shiga ƙarƙashin dandamalin, ya miƙe tsaye. Na ja sura, na yi ruku'u na ɗago, sujada ce ta rage, don haka na tafi ƙasa. Goshina yana kan mayafi, baƙin hancinsa yana manne da ragar, tsakaninmu bai fi faɗin tafin hannu ba. Ya ja numfashi, ya huro. Wani tururi mai ɗumi mai ƙarnin kifi ya lulluɓe mini fuska. Ta gefen mayafin na ga idonsa ɗaya yana kallona, ba fushi a cikinsa, sai son sani irin na ɗan maraƙi.

Zuciyata ta ce in tashi in ruga. Amma na tuna an ce ba a yin motsin gaggawa, kuma na ga ba inda ya fi dacewa mutuwa ta sami mutum kamar inda nake. Na yi tasbihi, na ɗago, na sake komawa, ya sake huro mini. Na zauna na yi tahiya, shi kuwa ya koma shinshinar takalmin fatar da ke ƙafata. Na yi sallama dama, na yi hagu. A hagun ne na ga Baba Alek tsaye a bakin ƙofa, bindiga a hannunsa bakinta yana kallon ƙasa, bayansa kuma fuskokin yara sun cika gilashi, Madam Karol ta dafe baki da hannu biyu.

Beyar ɗin ya sauka a kan ƙafa huɗu, ya yi atishawa, ya kama hanyarsa yana rausaya ɗuwawu, ko waiwaye bai yi ba. Baba Alek ya kamo hannuna ya ja ni ciki ya zaunar da ni kusa da murhu. Ya nemi gafarata, ya ce shekara da shekaru yana wannan aiki amma har yau beyar sukan ɓace masa. Sai ya zuba mini shayi, ya ce ba tare da ya yi murmushi ba:

"Ya ga kana yi wa ƙasa raɗa ne, ya zo ya ji ko da shi kake."

Dariya ta kuɓuce mini, irin wadda ke fitowa daga ciki har hawaye. Yaran suka kama, Madam Karol ma ta zauna tana yi tana share ido. Shayin ya zube a wandona ban damu ba. Meri ta tambaye ni me ake ce wa wanda aka haɗu da shi a hanya da Hausa, na ce sannu. Daga nan har muka koma gari, duk beyar ɗin da muka wuce sai yaran su manna fuska a gilashi su ce masa sannu a hankali.

Kafin mu bar garin Baba Alek ya kai ni gidansa cin abincin rana. Matarsa ta kawo kifin da ta yi wa banda da hannunta, ɗanɗanonsa kamar na gida, barkono kawai babu. Na ce zan mayar da takalmin, ta ce wanda beyar ya shinshina a ƙafar mutum ya zama nasa. Yaran kuwa sun rako mu tasha, wannan karon suna kallona a ido.

Ban gudu ba. Na koma Winifeg na gama kwas ɗina, har na nemi a sake tura ni wasu makarantun kafin shekara ta ƙare. Maƙwabcina mai ɗaga gira ma na ci gaba da gaishe shi kullum, har ranar da ya gaji ya tsaya ya tambaye ni sunana.

Da na dawo gida na sami mahaifina a bakin ruwa yana gyaran taru. Bayan mun gama gaisawa na zauna a kan kifaffen kwalekwale na ba shi labarin tun daga farko. Bai katse ni ba, hannunsa yana ta aiki. Girman dabbar bai dame shi ba, sanyin ma haka. Da na kai ƙarshe sai ya ajiye tarun ya dube ni.

"Hamisu, sallar ka katse ta ko ka kai ta?"

"Na kai ta, Baba, har sallama."

"Wace sura ka ja a raka'ar ƙarshe?"

Na ce Ƙulhuwallahu ce, kuma ban ja ta da tsawo ba. Ya gyaɗa kai, sannan kafaɗunsa suka fara rawa.

Ya ce, "Ka yi ƙoƙari. Da ni ne, daga Fatiha sai ruku'u."